Na gama jami'a, aikin da na karanta bai zo ba: tambayoyin matasan Maraɗi

Tun da aka kafa Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo a nan Maraɗi a 2010, ɗan Tibiri ko Madarunfa ba sai ya tafi Yamai ba kafin ya yi karatu mai zurfi. Alheri ne babba. Sai dai takardu sun yawaita, kujerun ofis kuwa suna nan kusan yadda suke. Tambayoyin nan a fada, majalisar samari, na sha jin su ana shan shayi, wasu daga bakin ƙannena, wasu daga ɗiyan maƙwabta.

Shekara uku na yi kafin in sami lisans, digirin farko. In na kama aikin da ba shi na karanta ba, ban yi asarar karatun ba?

Mai asara shi ne wanda ya naɗe difloma ya sa a akwati, ya zauna jiran ranar da za a kira shi.

Akwai wani yaro a unguwarmu da ya karanta ilimin halittu. Wata takwas yana yawon kai takardu ofis-ofis, har kawunsa ya ce ya zo ya riƙe masa littafin sito, inda yake tara wake. Ya ce mini satin farko kunya ba ta bar shi ya ɗaga kai ba, don abokan karatunsa na wucewa bisa kabu-kabu suna hango shi zaune kan buhu, da biro a bayan kunne. To amma shi ne ya lura cewa waken da aka saya da kaka, kafin bazara ƙwari sun gama huda shi. Ya matsa aka koma buhun PICS, mai hawa uku, leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda ke toshe iska har ƙwarin su mutu ba tare da an zuba magani ba. Masu binciken INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa, reshen Maraɗi, suna cikin waɗanda suka gwada buhun nan. Ya durƙusa da kansa ya nuna wa leburori yadda ake matse iskar a fitar, a murɗe bakin kowace leda a ɗaure ta daban. Kawun bai taɓa jin sunan oksijin ba, amma ya san ratar kuɗin da ke tsakanin wake mai huji da marar huji. Yanzu ba a sayen kaya a siton nan sai yaron ya sa hannu cikin buhu ya duba.

Babu inda aka rubuta "masanin halittu" a ƙofar siton. Karatun ne dai yake ci.

Me zai hana in jira konkur, jarrabawar ɗaukar ma'aikata, in sami lambar aikin gwamnati in huta?

Ka nema, ba wanda ya ce ka bari. Aikin gwamnati yana da albashin ƙarshen wata da fansho, kuma wanda ya raina wannan bai taɓa yin wata uku aljihu wayam ba. Abin da nake ƙi shi ne a mai da jira ya zama sana'a. Ba kowace shekara ake buɗe ɗaukar ma'aikata a kowane fanni ba, guraben kaɗan ne, masu nema kuwa daga jihohi takwas na ƙasar nan suke fitowa. Ga kuma iyakar shekaru da ake sawa, alhali shekarunka ba sa tsayawa su jira sanarwa.

Ka yi rajista a ANPE, hukumar da ke haɗa masu neman aiki da masu ɗauka. Takardar haihuwa da ta ɗan ƙasa su zauna a shirye. Takardar kotu mai shaida ba ka da laifi, ita sai an yi sanarwa za ka nema, tun da galibi ana son wadda ba ta wuce wata 3 ba. In ka yi wannan, ka fita da safe ka kama wani abu, da dare ka yi bita.

Sarbis sibik fa, aikin bautar ƙasa na bayan jami'a? An ce ɓata shekara biyu ne.

Ya danganta da mai yin. In an tura ka koyarwa a Dakwaro ko Mayahi, ka tafi. Wanda ya tsaya gaban yara sittin ya sa suka yi shiru suka fahimta, ba taron da zai sake ba shi tsoro. Ka koyi rubuta rahoto, ka san mutane, kuma kada ka baro wurin ba tare da takardar shaida ba.

Baba ya sayar da gero da awaki don in yi karatu. Da wane baki zan ce masa zan koma kasuwa, ko gyaran sola?

Wannan ita ce tambaya mai nauyi, kuma ban raina ta ba. Dattijo bai sayar da jar akuyarsa don ya ga ɗansa cikin ƙura ba. So yake a ce ɗan wane yana ofis. Amma dattawan garin nan sun fi kowa sanin sauyi. Arzikin Maraɗi da gyaɗa aka gina shi. Da fari ya karya noman gyaɗar a shekarun 1970, alhazan gari ba su zauna makoki ba, suka karkata ga fataucin kaya tsakaninmu da Najeriya, garin ya ƙara bunƙasa. Ka tuna masa wannan cikin ladabi, ba da sigar wanda ya zo koya wa uba tarihi ba.

Kuma kada ka je masa da "na gaji da jira". Ka je da magana mai kai da gindi: "Baba, ina neman izininka in yi shekara guda wurin mai haɗa sola. Takarduna na nan a ANPE, in an buɗe konkur zan shiga. In shekara ta cika ban iya ɗauke wa gida ko kuɗin cefane ba, abin da ka ce shi zan yi." Uba ya fi jin tsoron ɗan da bai san inda ya dosa ba. In maganar ta yi tsauri, a bi ta hannun Inna ko wani kawu da yake jin maganarsa. Haka ake yi tun da can.

To sauyin ba shi da iyaka? Duk inda aka ƙara mini kuɗi sai in tashi?

A nan ni kaina na taɓa tuntuɓe. Ina aiki a wani kamfani inda nake koyon lissafin kaya tiryan-tiryan, sai wata ƙungiya ta yi mini tayin ƙarin jika goma sha biyar. Ban ko tambayi tsawon aikin ba na ajiye makulli na tafi. Wata shida aikin ya ƙare, mota ta koma Yamai, ni na koma fada. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Abin da zan tambaya yau kafin in tashi: wurin da nake, akwai sauran abin da ban iya ba? In akwai, in zauna. Wanda ya yi wuri huɗu a shekara guda, mai ɗaukar aiki ba gwaninta yake gani a takardarsa ba, rashin zama yake gani. Amma in ka shekara biyu kana abu guda, ba ƙarin ilimi, ba ƙarin albashi, maigida kuma ya ƙi rubuta yarjejeniya, ka fara dubawa waje. Ka sani kuma mafi ƙarancin albashi a dokar ƙasar nan ya koma sefa 42,000 tun 2024. Sunan "koyon aiki" kada ya zama dalilin da za a riƙe ka shekara da shekaru a ƙasa da haka.

Ni mace ce, ba ko'ina za a bar ni in je ba.

Gaskiya ne, ƙanwata, kuma ba zan yi kamar ban sani ba. Maganar aiki a yi ta kafin a ɗaura aure, a gaban manya, kada a bar ta sai an tare. Sannan ki dubi abin da jihar nan ke nomawa: riɗi, aya, gyaɗa, wake, yawanci ɗanye ake fitar da su. Wadda ta karanta kimiyya ta san tsabta da awo da ajiya, ita ce za ta iya sa man riɗi a kwalba da suna da ranar lalacewa. FAFPA, asusun tallafa wa koyon sana'a, don irin wannan horon aka kafa shi.

Wane fanni ne ba ya mutuwa, in kama shi in huta da tunani?

Ku tambayi masu fiton kaya na Ɗan Isa. A watan Agusta 2019 Najeriya ta rufe iyakarta, ba ta fara buɗe ta ba sai Disamba 2020. Bayan juyin mulkin Yuli 2023 aka sake rufewa har cikin 2024. Samarin da duk iyawarsu ta tsaya a takardun kwastan sun ji jiki. Waɗanda suka iya tuƙi, ko lissafi a kwamfuta, ko gyaran waya, sun lallaɓa. A gefe guda kuma, tun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano ta Katsina da Jibiya zuwa nan, kuma ranar da jirgi ya fara shigowa za a nemi masu sito, masu awo, masu gyara da masu lissafi.

Saboda haka ni abin da nake gaya wa ƙannena shi ne su tara abin da ke bin mutum duk inda ya koma. Faransanci kuna da shi daga lakwal, Hausa kun sha a nono, saura Ingilishi, ko da na karanta takardar kaya ne in ta zo daga Katsina. A haɗa da juya naira zuwa sefa ba kuskure, da jera lissafi a Excel, da lasisin tuƙi. Yaron siton nan ma da dare Ingilishin yake koyo a waya, don masu sayen wakensa daga Legas suke kira.