Yadda makin gwajin ƙarfin jiki ke shiga ƙarin girma a sojan ƙasa na Amurka

A rundunar sojan ƙasa ta Amurka, gudu da ɗaga ƙarfe suna da farashi a rubuce. Sojan da ke aiki na cikakken lokaci yana yin gwajin ƙarfin jiki sau biyu a shekara, kuma makin da ya ci yana bin fayil ɗinsa duk inda aka kai shi.

Gwajin ya sha sauya riga. Daga 1980, shekara kusan 40 ana yin abu uku kacal, wato turin ƙasa da hannu, tashi zaune daga kwance, da gudun mil biyu. A Oktoban 2022 aka tabbatar da sabon gwaji mai sassa shida, sannan a ranar 1 ga Yunin 2025 aka cire jifan ƙwallo mai nauyi ta baya, aka bar biyar, aka sa masa suna AFT, wato gwajin ƙarfin jiki na sojan ƙasa a taƙaice. Yanzu soja zai ɗaga ƙarfe daga ƙasa sau uku, ya yi turin ƙasa, ya ja kaya mai nauyin kilo 41 ya kuma ɗauki ƙarafa biyu yana gudu, ya tokare jikinsa a miƙe bisa gwiwar hannu gwargwadon juriyarsa, ya rufe da gudun mil biyu, wato kilomita 3.2. Kowane sashe maki 100 ne, jimla 500. Dole a ci aƙalla 60 a kowanne. Masu aikin faɗa a sahun gaba, irin su sojan ƙafa, ana neman jimlar 350 daga gare su, kuma mace da namiji ma'auni ɗaya.

Makin nan aiki biyu yake yi, kuma nan ne mutane ke rikicewa. Na farko, ƙofa ne. Wanda ya faɗi gwajin sai a sa wa fayil ɗinsa abin da suke kira tuta. Muddin tutar tana nan, babu ƙarin girma, babu lambar yabo, babu sabunta kwantiragi, babu zuwa kwas. Ko da ya fi kowa iya aikinsa a bariki, sai ya sake gwajin ya ci kafin a ɗage ta. Faɗuwa biyu a jere kuwa tana iya kai shi ga sallama.

Na biyu, tsani ne, amma ga ƙananan muƙamai kawai. Mai neman igiyar saje ko ta sitaf saje yana tara maki ne cikin 800. Ana haɗa su daga harbin bindiga, lambobin yabo, kwasa-kwasan soja, karatun boko, da kuma ƙarfin jiki, wanda tun 2023 rabonsa bai wuce 120 ba. Kowane wata hedikwatar ma'aikata tana fitar da makin da za a tsallaka a kowane fannin aiki. Inda ake ƙarancin saje sai makin ya sauko, inda aka yi cunkoso sai ya haura har kusa da 800. To a irin wannan fanni mai cunkoso, maki biyar da mutum ya bari a filin gudu yana iya sa shi zaman jiran watanni, yana kallon abokin ɗakinsa ya ɗinka igiya.

A ganina shi ya sa sojoji ke ɗaukar abin da zafi fiye da yadda 120 cikin 800 ke nunawa. Lambar yabo sai wani babba ya rubuta maka. Gurbin kwas sai an ba ka. Digiri sai da shekaru. Gudu kuwa takalmi ne da sammako, babu wanda za ka roƙa.

Daga muƙamin da ke sama da sitaf saje lissafin ya canza. Kwamiti ne ke zama ya karanta rahotannin aikin mutum baki ɗaya, don haka cin gwajin sharaɗi ne, amma ba a jera mutane bisa yawan makin da suka ci a gwajin.

Makarantun horo masu tsanani kuma ba sa dogara da wannan maki, nasu gwajin suke yi a ranar shiga. Makarantar Renja da ke jihar Jojiya, inda ake horar da sojoji jagoranci a fagen daga, ta yi shekaru tana neman turin ƙasa 49, tashi zaune 59, jan jiki sama a sandar ƙarfe sau shida, da gudun mil biyar cikin minti 40, kafin ta sauya tsarin a 2025. Sai dai gurabe kaɗan ne, kuma kwamandan da zai tura mutum ɗaya cikin goma yakan duba makin kowa tukuna, don ba ya son a dawo masa da sojansa a makon farko.