Ƙara Sabbin Filaye a OpenLDAP: Tambayoyi da Amsoshi

Ina so in ajiye lambar ma'aikaci da reshensa a OpenLDAP, manhajar rumbun bayanan masu amfani. Sai na rubuta sikima tawa, wato tsarin filaye da azuzuwan da rumbun ke karɓa?

Ka fara duba inetOrgPerson, ajin da ke bayyana mutum, tukuna, domin employeeNumber da departmentNumber suna ciki. Idan babu filin da kake nema, to ka rubuta naka, amma ajin ya zama AUXILIARY, wato na ƙari. Shi ake liƙa wa mutumin da yake cikin rumbu tuntuni. Ajin STRUCTURAL, wato na tushe, ba ya canzuwa bayan an ƙirƙiri bayanin. In ka gwada canza shi, sabar za ta mayar maka da kuskure 69, sai ka goge ka sake shigarwa.

Lambar OID fa, wadda ke bambanta kowane fili da aji, a ina ake samu?

IANA, hukumar rabon lambobin intanet, ce ke bayarwa kyauta, ƙarƙashin 1.3.6.1.4.1. Kada ka ari ta wani kamfani. Ranar da ka ɗora manhajarsu, lambobin za su yi karo, sikimar ta ƙi shiga. Ka raba taka gida biyu: reshe ɗaya na filaye, ɗaya na azuzuwa.

Fayil ɗina na tsohon tsarin slapd.conf ne. Yaya zan kai shi cn=config, sabon tsarin ajiye saitin sabar?

Ka haɗa ƙaramin fayil da ke kiran fayilolin sikima na core, cosine, inetorgperson, sannan naka, a wannan jerin, don na baya yana dogara ga na gaba da shi. Sai `slaptest -f` da `-F` su fitar maka da LDIF, fayil ɗin rubutu da ake shigar da bayanai a sabar da shi. Gyara uku ake yi masa: a cire lambar da ke cikin `{}` daga layukan dn (cikakken suna) da cn (gajeren suna), a cika dn ɗin ya ƙare da `cn=schema,cn=config`, a kuma share layukan ƙasa irin su entryUUID, entryCSN da createTimestamp. Daga nan: `ldapadd -Y EXTERNAL -H ldapi:/// -f fayil.ldif`.

Akwai tarko a nan. A LDIF, gurbin farko na layin ci gaba cinye shi ake yi, don haka ka sa biyu, in ba haka ba kalmomi su manne. Fayilolin slapd.d kuwa, inda sabar ke ajiye cn=config, kada ka taɓa su da hannu. Kowanne na ɗauke da lambar tantancewa ta CRC32.

Na maimaita umarnin girkawa, ya tsaya da kuskure 80. Me ya faru?

Sikimar tana ciki tun karon farko, sabar ta ga filin sau biyu. Ka sa umarninka ya fara tambaya da `ldapsearch` a ƙarƙashin cn=schema,cn=config, ya ɗora ne kawai in bai samu ba. A Ansible, manhajar saita sabobi ta atomatik, `ldap_entry` na yin wannan dubawar, muddin an girka python-ldap. A Debian, ka cika amsoshin slapd, wato sabar OpenLDAP, da `debconf-set-selections` kafin girkawa, kada aikin ya tsaya yana jiran kalmar sirri.

Idan na yi kuskure, zan iya gogewa?

A OpenLDAP 2.4 `ldapdelete` ba ya cire sikima, kuskure 53 zai ba ka. Ka ɗauki kwafin saitin da `slapcat -n 0` kafin kowane canji. In kana da sabobin kwafi, su za a fara ɗora wa sikimar, sannan uwar.