Yaushe Raunin Ji Ke Buƙatar Na'urar Kunne?

Yawancin masu zuwa wurinmu da matsalar ji ba su suke fara lura ba. 'Ya'ya ne ko uwargida ke kawo su, da ƙorafi kusan iri ɗaya: Baba ya ƙure ƙarar rediyo har maƙwabta na jin labarai, an yi ta sallama a ƙofar zaure bai amsa ba, in an yi masa magana sai ya ce "Me ka ce?" Shi kuwa Baban cewa yake yi, "Ni fa ina ji, yaran yanzu ne ke magana ciki-ciki." Kuma ba ƙarya ya yi ba. Raunin ji na tsufa siraran sautuka yake fara ci, irin su "s", "sh", "f" da "ts". Murya na shiga kunne, amma kalmomin sun cakuɗe. Shi ya sa maganar mata da ta ƙananan yara ke fara kuɓuce masa, kuma ya fi shan wahala a kasuwa, ko gidan biki, ko majalisar da mutum uku ke magana lokaci guda.

Abin ba na gidanku kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 430 ne ke da raunin jin da ya kai a taimaka musu, kuma cikin waɗanda suka haura shekara 60, fiye da ɗaya cikin huɗu na fama da shi.

Sai dai ba kowane raunin ji ne ke buƙatar na'urar da ake maƙalawa a kunne don ƙara ji ba, don haka kafin a yi maganar kuɗi sai an leƙa kunnen da fitila. Sau da yawa datti ne ya taru ya toshe hanya. A cire shi, mutum ya tashi yana mamakin ƙarar fanka. Wani yaron ruwa ne ya kwanta masa a bayan dodon kunne bayan doguwar mura. Wani kuma kunnen ne ke zubar da mugunya shekara da shekaru, dodon ya huje. Waɗannan magani suke so, wani lokaci tiyata a like hujin, kuma cusa na'ura a kunnen da ke ruwa ƙara dagula ciwon yake yi. A nan zan roƙi iyaye mata: don Allah a daina sosa kunne da tsinken ashana ko gashin kaza, a daina ɗura man ja ko ruwan ganye. Dattin ƙara turawa ciki ake yi, kuma in dodon ya huje, duk abin da aka zuba can cikin kunne ya nufa.

Akwai wanda ba a jira da shi ko kaɗan. In mutum ya wayi gari kunne ɗaya ya ɗauke ɗif, ko jin ya tafi cikin kwana biyu zuwa uku, musamman in akwai jiri ko ƙara a kunnen, a nemi likitan kunne a ranar. Maganin da ake bayarwa ya fi aiki a kwanakin farko. In aka ɗauki makonni ana "bari mu gani", dama ta wuce.

Wanda aka fi ba na'ura shi ne wanda lahanin ke can cikin kunne, inda wasu ƙananan ƙwayoyi masu kamar gashi ke karɓar sauti su miƙa wa jijiya. In sun mutu ba sa sake tsirowa, ba ƙwayar magani, ba allura, ba tofi a kunne da zai dawo da su. Tsufa na kashe su. Ƙara ma haka: mai injin niƙa, mai walda, maƙeri, da wanda ke wuni kusa da janareta. Sanƙarau, ƙyanda da hangum na barin yara da kurumta, kuma kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka warke daga zazzaɓin Lasa na samun matsalar ji. Wasu allurai irin su gentamicin da streptomycin na iya lalata kunne in an yi su barkatai, dalili ke nan da ba a karɓar su a kemis ba da takardar likita ba.

Gwajin ba ya ciwo. Za a shigar da kai ɗan ɗaki marar hayaniya, a ɗora maka abin sauraro a kunnuwa, a riƙa sako ƙara, mai kauri da siririya, ana rage ta a hankali. Duk lokacin da ka ji, sai ka ɗaga hannu ko ka danna maɓalli. Daga nan a zana wa kowane kunne taswirarsa. Ana auna ƙarfin sauti da desibel: raɗa kusan 30 ce, hira ta yau da kullum kusan 60. Mai lafiyayyen kunne na jin sautin da bai kai 20 ba. Wanda sai sauti ya kai 35 ko fiye kafin kunnensa mafi kyau ya kama, shi ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin masu raunin da ke hana harkokin yau da gobe, kuma daga nan ne maganar na'ura ke tasowa gadan-gadan.

A ganina lamba kaɗai ba ta yanke hukunci. Malamin makaranta da ba ya jin tambayar ɗalibin bayan aji, ko ɗan kasuwar da ya fara kuskuren jin farashi, ko direban da ba ya jin ham, suna iya buƙatar na'ura ko da raunin nasu bai yi tsanani a takarda ba. Alamar da ta fi tayar mini da hankali ita ce mutum ya fara janye jiki: ya daina zama majalisa, ya daina ɗaga waya, ana dariya yana murmushin yaƙe don bai ji abin da aka faɗa ba. Mutane su ce ya yi girman kai ko ya fara ruɗewa, alhali kunne ne.

Kada a sayi na'ura a kasuwa ko ta intanet don an ga araha. Irin waɗannan ƙara komai suke yi baki ɗaya, murya da ƙarar babur da kukan akuya, har su iya ƙara lahani. Ta gaskiya ana saita ta ne bisa taswirar kunnenka, ta ɗaga sautukan da ka rasa ta bar sauran, sau da yawa kuma a auna ramin kunnen a yi mata mazauni daidai da shi. Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1999, wannan ne aikinta, kuma akwai sashen kunne, hanci da maƙogwaro a asibitocin koyarwa irin su na Aminu Kano da na Shika a Zariya.

A sani kuma na'ura ba ta mayar da kunne sabo. Makonnin farko muryarka za ta yi maka baƙunta, ƙarar cokali a kwano ta dame ka. A fara da 'yan awoyi a cikin gida, ana ƙarawa, a koma a sake saiti in ta matsa. Da yawa a nan suke karaya su jefa ta a aljihun tebur. A cire ta kafin wanka da alwala da barci, a goge ƙura da gumi, musamman lokacin hunturu. Ƙananan baturanta na ƙarewa cikin kwanaki zuwa 'yan makonni, don haka a tambayi inda za a riƙa samun su tun kafin a biya, kuma a ɓoye su daga yara, haɗiye su na iya kisa.

Yara ne ba su da lokacin jira, don da kunne ake koyon magana. Jaririn da ba ya firgita in ƙofa ta buga, ko ya kai wata 6 ba ya waiwayar murya, ko ya cika shekara ba "baba" ba "mama", a kai shi gwaji, kada a tsaya ga "ai babansa ma bai yi magana da wuri ba". Haka wanda ya yi ciwon shawara mai tsanani yana jariri ko ya tashi daga sanƙarau. Akwai gwajin da ake yi wa jinjiri yana barci, kuma abin da masana ke so shi ne a gano matsalar kafin wata 3, a fara taimako kafin wata 6. In raunin ya fi ƙarfin na'ura, likita zai yi muku bayanin dashen na'ura ta tiyata da kuma koyon maganar hannu, wadda ya kamata duk gidan su koya tare da yaron.