Tsukumogami: kayan aiki masu kurwa a Japan

Tsukumogami sunan da mutanen Japan suke kiran kayan gida ne waɗanda wai idan suka kai shekara 100 sai kurwa ta shige su su rayu, irinsu laima, fitila, takalmi, butar shayi. Tun zamanin Muromachi (1336 zuwa 1573) akwai zanen da ke nuna tsofaffin kayan da aka watsar lokacin sharar ƙarshen shekara sun haɗa kai cikin fushi za su rama wulaƙancin da masu su suka yi musu. Wadda yara suka fi sani ita ce kasa-obake, laima mai ido ɗaya da ƙafa ɗaya da harshe a waje tana tsalle.

Yanzu dai da wuya ka samu mai tsoron tukunyarsa za ta tashi da dare, abin ya koma godiya ga kayan da suka yi maka aiki, shi yasa al'adar kuyo, wato addu'ar bankwana da ake yi wa kayan da suka gama aiki, ba ta mutu ba. Misali hari-kuyo, ranar 8 ga Fabrairu a yankin Tokyo, 8 ga Disamba kuma a yankin Kyoto, teloli da masu ɗinkin kimono, rigar gargajiyar Japan, suke kai allurai da suka karye ko suka lanƙwashe wurin bauta, kamar Sensoji da ke unguwar Asakusa a Tokyo, sai a soka su cikin awara mai laushi, eh awarar waken suya dai, wai allurar da ta ƙare rayuwarta tana huda yadi mai tauri ta samu wuri mai taushi ta huta, ranan ma ba a ɗinki. Haka ake yi wa alƙalamin gashi na rubutu da 'yan tsana, su 'yan tsanan a kan yi musu addu'a sannan a ƙona su, don mutane da yawa hannunsu ba ya iya jefa abu mai fuska a bola.

Abin har ya kai kan injin. Sony ta fito da karen mutum-mutumi Aibo a 1999, ta daina ƙera shi a 2006, ta rufe gyaransa a 2014, daga 2015 sai wurin bautar Buda na Kofukuji a garin Isumi na jihar Chiba ya fara yi wa waɗanda suka lalace jana'iza, a jera su da takarda mai sunan mai shi a wuya, a yi addu'a, bayan nan masu gyara su kwance su a sa kayan cikinsu a jikin waɗanda ke da sauran rai.