Masu ciwon suga, me aka rubuta a katinku?

Jama'a, in ka tambayi mai ciwon suga ya jiki, amsar ɗaya ce: da sauƙi, ina shan magani. To madalla, amma mu ma'aikatan lafiya ba da "da sauƙi" muke gane ana kula da mutum yadda ya kamata ba, don suga yana iya cin ƙoda da ido a hankali shekara da shekaru mutum bai ji komai ba.

Akwai gwajin HbA1c, shi ke nuna yadda suga ya zauna a jini wata 2 zuwa 3 da suka wuce, ba kamar tsikarin yatsa ba da ke nuna na lokacin kawai, shi ya sa wasu ke ƙin cin tuwo daren da za su zo asibiti don lamba ta yi kyau, kuma wallahi kansu suke cuta. Ga yawancin manya ana so ya zama ƙasa da 7%. Mai sikila ko ƙarancin jini ya faɗa wa likita, don gwajin kan iya ruɗarwa a kansu. Sai awon hawan jini duk zuwa, sai ido da fitsari a ƙalla sau ɗaya a shekara. Ƙafa kuma, Baba ka cire takalmin da kanka ka miƙa a duba tsakanin yatsu, kar ka jira a ce maka.

A 2022 ƙasashen Hukumar Lafiya ta Duniya sun sa buri zuwa 2030: a gano kashi 80 na masu ciwon, kashi 80 na waɗanda aka gano sugansu ya daidaita, haka ma hawan jininsu. Damuwata ita ce in aka haɗa lissafin jiha a dunƙule sai ya rufe bambanci. Wanda ke cikin garin Kaduna kusa da asibitin Barau Dikko da asibitin ido na ƙasa, da mutumin ƙauyen Giwa ko Birnin Gwari da kuɗin mota ma aiki ne, ai ba ɗaya ba ne, kuma in ba a rubuce yake unguwa unguwa ba babu yadda za mu nuna wa manya inda ake buƙatar kayan gwaji.

Don Allah ku sayi ɗan littafi, duk awo a rubuta da kwanan wata, ku riƙa zuwa da shi. In kuma kuɗi ne ya sa Hajiya ta bar shan magani, a faɗa mana gaskiya mu sa a rijista, shi ma ana ƙirga shi.