Hoton kyauta ma da mai shi: dokar raba ƙananan hotunan wasan kwamfuta

Mai zane ya zana ƙwallo ja mai sheƙi, faɗinta da tsayinta ɗigo 64, ya adana ta a fayil ɗin PNG marar bango, ya sake ta ya rubuta "kyauta ce". A idon doka, abin da ya yafe kuɗi ne kawai. Ƙarƙashin Yarjejeniyar Bern ta 1886, haƙƙin mallaka yana hawa kan zane da zarar an yi shi, ba sai an yi rajista ba. Wanda ya saka ƙwallon nan a wasansa, ya sauya mata launi ko ya sayar da wasan, sai yana da izini bayyananne. Izinin nan shi ne lasisi.

Galibin masu raba irin waɗannan hotuna da lasisin Creative Commons suke aiki, wato jerin lasisi da aka tsara don kowa ya ɗora wa aikinsa. Mafi sauƙi shi ne CC0, wanda ya fito a 2009: mai zane ya sallama haƙƙinsa iya yadda doka ta yarda, ka ɗauka, ka gyara, ka sayar, ko sunansa ba dole ka ambata ba. Hotunan Kenney, wani shafin raba hotunan wasa kyauta, da masu koyo ke yawan ɗauka a kan CC0 suke.

CC BY kuwa yana da sharaɗi, a nan ake yawan tuntuɓe. Dole a ambaci mai zanen, inda aka samo hoton, da lasisin, a kuma faɗa idan an gyara shi. Ƙara wa ƙwallon walƙiya ko mayar da ita shuɗiya ma gyara ne. Dabarar ita ce a buɗe fayil guda tun ranar farko, duk hoton da aka sauke a rubuta masa layinsa nan take, daga baya a kwashe su zuwa shafin godiya na cikin wasan. Wanda ya bari sai hotuna sun kai ɗari biyu ba zai tuna na wane ne wane ba. A bugu na 4.0 na lasisin, na 2013, wanda ya saɓa yana da kwana 30 daga ranar da ya gano ya gyara, izininsa ya dawo. Tsofaffin bugu ba su da wannan rangwame.

Idan an ga SA a sunan lasisin, hoton da aka gyara sai an sake shi a kan lasisi iri ɗaya. NC na nufin ban da kasuwanci, kuma masu wasan sha'awa suna raina shi har ranar da suka saka talla a wasan wayarsu, sai magana ta canza. Akwai kuma sharaɗin da ya hana kulle hoto da makullin fasaha mai hana kwafa, wanda yakan ci karo da shagunan manhaja, shi ya sa OpenGameArt, dandalin raba hotunan wasa, ta fito da nata lasisin OGA-BY, ta cire wannan sharaɗin.

Mai rabawa ma ya yi tunani tukuna, don ba a janye lasisin Creative Commons. Yana iya daina rabawa, amma wanda ya riga ya sauke yana nan da izininsa. Kuma ba a ba da abin da ba a mallaka ba: hoton da aka yanko daga wasan Nintendo na Nintendo ne, ko an goge shi ya yi ƙyalli. A 2016 kamfanin ya sa an sauke AM2R, wasan da wani masoyin Metroid, ɗaya daga wasannin Nintendo, ya shafe shekaru yana haɗawa, alhali ko sisi ba a karɓa a kansa.