Kayan da ka saya ta intanet daga waje: yaushe kwastam ke karɓar kuɗi, yaushe ba sa karɓa

Tun daga ranar 8 ga Satumba, 2025, kayan da aka shigo da su Najeriya ta kamfanonin aika saƙo na gaggawa, ko a cikin jakar matafiyi, ba a biyan musu harajin kwastam matuƙar darajarsu ba ta wuce dala 300 ba. Hukumar gudanarwar kwastam, wadda Ministan Kuɗi na lokacin, Wale Edun, ya jagoranci zamanta, ita ta amince da hakan a farkon watan, ta dogara da Dokar Hukumar Kwastam ta 2023. Dalilin a fili yake: ɓata lokacin jami'i da takardu a kan takalmi ƙafa ɗaya ko murfin waya ya fi kuɗin da za a samu a kansu. Abin mamaki, kwanaki kaɗan kafin nan, ranar 29 ga Agusta, Amurka ta soke nata irin wannan rangwamen na dala 800.

Sai dai mutane da yawa sun ji "dala 300" kawai, ba su ji sauran bayanin ba. Rangwamen sau huɗu ne a shekara ga mutum. Wanda ke oda daga Temu ko AliExpress ko Shein kowane mako, ko 'yar kasuwar da ke sayar da jakunkuna da mayafai a WhatsApp, ba da su aka yi tsarin ba, ko da kowace oda ƙarama ce. Haka nan rangwamen bai halatta abin da doka ta hana shigowa da shi ba.

Idan kuma kaya sun wuce dala 300, ba a kan abin da ya hau kaɗai ake lissafi ba, a kan darajar kayan gaba ɗaya ne. Nan ne ake yawan rigima, domin mai saye yana kallon farashin da ya gani a shafi, shi kuwa jami'i yana haɗa abu uku: kuɗin kaya, kuɗin dako, da inshora. A kan jimillarsu ake ɗora haraji. Yawan harajin ya danganta da rukunin da kayan suka faɗa a jadawalin bai-ɗaya na ECOWAS, mai matakai biyar: kashi 0, 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari. Kayan da aka gama sarrafawa don amfanin yau da kullum galibi suna kashi 20. Bayan nan sai harajin sayen kaya da ake kira VAT, na kashi 7.5, wanda ake ɗorawa a kan kuɗin kayan haɗe da harajin da aka riga aka sa, wato haraji a kan haraji.

A ce ka sayi kaya na dala 400, dako da inshora suka ci dala 60, kuma suna rukunin kashi 20. Harajin kwastam dala 92 ke nan. VAT a kan dala 552, wato jimillar dala 460 haɗe da harajin dala 92, zai kama dala 41 da ɗoriya. Ka ga an kai wajen dala 133 tun ba a zo kan ƙananan caje-caje ba. Kuma da naira za ka biya, a kan canjin da kwastam ke aiki da shi lokacin fitar da kayan, wanda ba lallai ya yi daidai da na ranar da ka saya ba.

Wani abin da ya kamata a rarrabe shi ne, ba duk kuɗin da aka nema a hannunka ba ne na kwastam. Kamfanin da ya ɗauko kayan yakan biya harajin a madadinka, sannan ya ɗora ladan aikinsa na fito da kaya, in sun daɗe a sitonsa kuma ya ƙara kuɗin ajiya. Rangwamen dala 300 bai shafi wannan ba. Saboda haka in aka kira ka aka ce "akwai kuɗin kwastam", nemi a turo maka takardar lissafi dalla-dalla, ka ga nawa ne haraji, nawa ne na kamfani. Ka kuma duba ko mai sayarwa ya riga ya haɗa haraji a farashi tun lokacin biya, don wasu shafuka suna yin haka. Wanda ya ce ka tura kuɗin kwastam cikin asusun wani mutum kuwa, ɗan damfara ne.

Jinkiri kuma yawanci daga takardu yake tasowa. Mai sayarwa ya rubuta "kyauta" a kan waya sabuwa fil, ko ya sa dala 20 a kan abin da kowa ya san ya fi haka nesa ba kusa ba. Jami'i yana da ikon ƙin yarda da farashin ya nemi shaidar biya, kayan kuma su zauna har sai an kawo. Wasu masu saye su ne ma ke roƙon a rage farashi a rasit. A ganina wannan dabara ba ta biyan kuɗin sabulu, tunda hukumar ta ce mai wasa da rasit na iya rasa kayansa baki ɗaya, har a kama shi. Ajiye hoton odarka da saƙon cire kuɗi na banki ya fi sauƙi.

Akwai kuma kayan da ko an biya haraji ba za su fita ba sai wata hukuma ta sa baki. Magunguna, kayan abinci da na shafe-shafe suna ƙarƙashin NAFDAC. Ƙaramin jirgi marar matuƙi, irin wanda masu ɗaukar hoton biki ke so, sai da takardar izini daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kuma kafin a yi oda ake nemanta. Gwanjon tufafi kuwa, duk da cikar kasuwanninmu da shi, yana cikin jerin abubuwan da aka haramta shigowa da su, ko da bai kai dala 50 ba.